Kujera ɗaya, fasinja biyu: Yadda ake tsara rumbun bayanan kamfanin sufuri

Yau tashar mota za mu nufa, amma ba tafiya za mu yi ba, kwangila za mu karɓo.

Ku ɗauka akwai wani Alhaji mai bas 12, kowace tana ɗaukar mutum 18, suna jigila tsakanin Kano da Abuja, suna sauke fasinja su ɗauki wasu a Zariya da Kaduna. Shekara da shekaru da littafi da biro yake riƙe lissafinsa, kuma bai taɓa ganin laifinsu ba. To yanzu ya buɗe ofis a kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan huɗu, 'ya'yansa kuma sun dame shi a kan ya bar mutane su riƙa kama kujera daga gida ta waya, kamar yadda ake sayen tikitin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ta intanet tun farkon shekarar 2021. Sai ya aika a kira ɗayanku, ya ce, "Ɗana, an ce kana taɓa kwamfuta. Ina so ka yi mini abin da zai riƙe lissafin nan, kada a wayi gari an sayar wa mutum biyu kujera ɗaya." Ta ina za a fara?

Yawancinmu abin da zai fara faɗo mana a rai shi ne fuskar manhaja: launi, hoton mota, wurin dannawa. Wannan duk fenti ne da labule. Harsashin ginin yana ƙasa inda fasinja ba ya gani, shi ne rumbun bayanai, wato wurin da ake adana kowane suna, kowace tafiya da kowane kwabo bisa tsari, ta yadda idan aka yi masa tambaya zai ba da amsa nan take. Kuma ba a kan kwamfuta ake fara tsara wannan rumbu ba. Da takarda da fensir ake farawa, da kunnen sauraron mai sana'a.

Bari mu leƙa littafin Alhaji tukuna. Kowane fasinja yana da layi ɗaya: sunansa, lambar wayarsa, inda za shi, lambar mota, sunan direba, lambar wayar direba, ranar tafiya, da kuɗin da ya biya. Wanda ya kwafe wannan littafi yadda yake ya zuba a Excel, riga kawai ya sauya masa, ciwon yana nan. Idan mota ta cika, an rubuta sunan direba da lambarsa sau 18 ke nan. A wata guda, sau ɗaruruwa. Ranar da direban ya sauya layin waya, wanne za a gyara? A gyara wasu a manta da wasu, sai ranar da mota ta lalace a daji, a kira tsohuwar lamba a ji ta a kashe. Ga kuma wata: Alhaji ya sayo sabuwar mota yau, ba ta ɗauki kowa ba tukuna. A ina za a rubuta ta, tunda kowane layi sai da fasinja? Haka nan idan mutum ɗaya ne kaɗai ya kama kujera a motar jibi, ya zo ya fasa, aka goge layinsa, to har labarin cewa akwai motar da za ta tashi jibi ya tafi tare da shi.

Wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ya yi aiki da kamfanin IBM a Amurka, shi ne ya kawo maganin wannan ciwo a wata maƙala da ya wallafa a 1970. Shawararsa ita ce a raba bayanai zuwa jadawalai, kowane jadawali ya riƙe abu iri ɗaya, a rubuta kowane bayani a wuri ɗaya tak, sannan a ɗaure jadawalan da juna ta hanyar lambobi. A 1981 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a fagen kimiyyar kwamfuta, kuma har gobe mafi yawan rumbunan bayanan da ake aiki da su a kan tunaninsa suke tsaye.

To yaya za mu san jadawalan da Alhaji yake buƙata? Dabarar da aka koya mana a aji mai sauƙi ce. Ka zauna da mai sana'ar, ka ce ya ba ka labarin yadda yini ɗaya yake tafiya, kai kuma ka ja layi a ƙarƙashin sunayen abubuwan da ya ambata. Zai ce, "Fasinja ya zo tasha, ya faɗi inda za shi, a duba motar da take lodi, a ba shi kujera, ya biya, a yanka masa tikiti, direba ya karɓi takardar sunaye ya kama hanya." Ga su nan sun fito da kansu: Fasinja, Tasha, Mota, Direba, Tikiti, Biya. Kowannensu ka zana masa akwati a takarda, ka rubuta abin da ake son sani game da shi a ciki. Mota tana da lamba, da iri, da yawan kujeru. Direba yana da suna, da waya, da lambar lasisi, da ranar da lasisin zai ƙare. Sannan ka ja zare tsakanin akwatunan da suke da alaƙa. Irin wannan zane na akwatuna da alaƙoƙinsu wani masani ɗan asalin Taiwan, Peter Chen, ya yi fice da shi tun 1976, kuma har yau shi ne abin da ake fara nuna wa mai kamfani kafin a rubuta ko layi ɗaya na manhaja.

Kowane layi a cikin jadawali yana buƙatar abin da zai bambanta shi da sauran. Suna ba zai yi ba. Ku ƙirga Abubakar nawa ne a ajinku, A'isha nawa ce. Kuma mutum ɗaya yau a rubuta shi Muhammad, gobe Mohammed, jibi Muhammadu. Lambar waya fa? Ta fi suna, amma ita ma tana da rami: maigida ɗaya yakan ba da lambarsa a madadin iyalinsa duka, yaro ɗan shekara 7 ba shi da waya, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sayar wa wani. Wani zai ce a yi amfani da lambar katin ɗan ƙasa mai alƙaluma 11. To ɗan kasuwar da ya zo daga Maraɗi fa, a ce ba zai hau mota ba? Saboda haka abin da ya fi shi ne rumbun da kansa ya ba kowane fasinja lamba tasa, 1, 2, 3, har abin da ya sawwaƙa, wadda ba ta sauyawa kuma ba a sake bai wa wani ita. Tamkar lambar jarrabawarku ce ta WAEC ko NECO, wadda da ita ake nemo sakamakonku ko da mutum ɗari suna da sunanku. Wannan lamba ita za mu kira mabuɗi. Idan kuma aka ɗauki mabuɗin wani jadawali aka rubuta shi a cikin wani jadawalin domin a nuna alaƙa, sai mu kira shi mabuɗin aro.

Abin da Alhaji bai ambata ba

Ku sake karanta labarin Alhaji. Akwai abu ɗaya da bai fito ƙarara a cikin sunayen da muka ja wa layi ba, alhali shi ne zuciyar sana'ar baki ɗaya. Bai ambace shi ba ne saboda ba a ganinsa da ido, ba a taɓa shi da hannu.

Me Alhaji yake sayarwa? Idan kuka ce kujera, kun kusa, amma ba ku kai ba. Kujera mai lamba 5 tana nan a cikin motar da ƙusa, ba wanda ya taɓa sauka da ita a Abuja. Abin da fasinja ya saya shi ne damar zama a kujera ta 5 a motar da za ta tashi daga Kano ranar Talata da ƙarfe 7:00 na safe. Ranar Laraba a sake sayar da ita ga wani. Ke nan akwai wani abu mai suna Tafiya, kuma shi ma sai an zana masa akwatinsa. Tafiya ba mota ba ce, ba kuma hanya ba ce. Hanya ita ce Kano zuwa Abuja, tana nan kullum. Tafiya kuwa ita ce hanya kaza, a rana kaza, da ƙarfe kaza, da mota kaza, da direba wane. Layi ɗaya na jadawalin Tafiya zai ƙunshi mabuɗinsa, sai mabuɗan aro na hanya da mota da direba, sai rana da lokaci.

A ganina, wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin. Ku duba amfaninsa. Daren Litinin motar da aka shirya wa safiyar Talata ta samu matsalar giya. A littafi, sai an bi layi 18 ana soke lambar mota ana rubuta wata. A rumbun da aka tsara da kyau, gurbi ɗaya za a taɓa a jadawalin Tafiya, a cire mabuɗin wannan mota a sa na waccan. Tikitin kowa yana nan daram, domin da tafiya aka ɗaure shi, ba da mota ba.

Yanzu sai alaƙoƙi. Mota ɗaya tana yin tafiye-tafiye da yawa, amma kowace tafiya mota ɗaya ce take yin ta. Wannan mai sauƙi ne, mabuɗin aro ɗaya ya wadatar. Inda ake kai ruwa rana shi ne tsakanin Fasinja da Tafiya. Fasinja ɗaya yana iya yin tafiya 40 a shekara, tafiya ɗaya kuma tana ɗauke da fasinja 18. Da yawa a nan, da yawa a can. Mai gaggawa sai ya buɗe gurabe 18 a jadawalin Tafiya, fasinja na ɗaya, fasinja na biyu, har zuwa na ƙarshe. Ranar da Alhaji ya sayo babbar bas mai kujeru 50, sai a rushe gini. Hanyar da ta dace ita ce a sa jadawali na uku a tsakiya, kuma ga shi ma muna da shi tun farko: Tikiti. Kowane layi nasa yana cewa, misali, tikiti mai lamba 9001 na fasinja 214 ne, a tafiya 77, kujera 5. Ba suna, ba lambar mota, ba sunan direba. Duk wanda yake son waɗannan sai ya bi mabuɗan su kai shi.

Sai mu zo kan abin da ya sa aka kira mu. A jadawalin Tikiti za a kafa doka guda: ba a yarda layi biyu su haɗa lambar tafiya ɗaya da lambar kujera ɗaya ba. Tafiya 77, kujera 5, sau ɗaya za ta shiga. Wanda ya zo na biyu rumbun zai ƙi karɓarsa, ko da manajan kamfani ne.

Me ya sa nake cewa a cikin rumbun za a kafa dokar, ba a fuskar manhaja ba? Saboda sauri. Akawun ofishin Kano ya duba allo, ya ga kujera ta 5 ba kowa. A daidai wannan daƙiƙa wata baiwar Allah a gida ta duba wayarta, ita ma ta ga ba kowa. Dukansu gaskiya suka gani. Dukansu suka danna. Idan manhaja ce kawai take dubawa kafin ta rubuta, to duka biyun sun wuce, da safe kuma a yi ta cacar baki a bakin mota, kowa da tikitinsa a hannu. Amma rumbu ƙofa ɗaya gare shi ga wannan kujera. Ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido ba, ɗaya zai riga shiga, ɗayan a ce masa ya zaɓi wata.

Wannan matsala ta girmi iyayenmu. A shekarun 1950 kamfanin jiragen sama na American Airlines da katuna da wayar tarho yake riƙe lissafin kujerunsa, ma'aikata suna zagaye da tarin katunan kowane jirgi suna sa alama da hannu. A 1953 shugaban kamfanin, C. R. Smith, ya tsinci kansa a jirgi ɗaya da wani jami'in tallan IBM mai suna Blair Smith, a kan hanyar Los Angeles zuwa New York. Hirar da suka yi ita ta haifar da tsarin da ake kira SABRE, wanda ya kankama sosai a 1964: kwamfutoci a cibiya ɗaya, wakilai a garuruwa daban-daban duk suna duba lissafi ɗaya ta layin tarho. Abin da Alhaji yake nema daga gare mu ƙaramin ƙanen wancan ne. Wani abin mamaki, kamfanonin jiragen sama da yawa da gangan suke sayar da tikiti fiye da yawan kujerunsu, domin sun san a kowane tashi akwai waɗanda ba za su zo ba. Wannan shawarar kasuwanci ce da suke yi da idonsu biyu, ba kuskuren rumbu ba ne. Ban ba Alhaji shawarar ya gwada ta a Unguwa Uku ba.

Dokarmu ta yi kyau, amma tana da tsada. Ku tuna motar tana tsayawa a hanya. Wani ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ya hau kujera ta 5 daga Kano, ya sauka a Kwangila a Zariya. Daga nan har Abuja kujerar fanko ce, ga kuma fasinja a Zariya yana jira da kuɗinsa. Akawu ya zo yanka masa tikiti, rumbu ya ce tafiya 77 kujera 5 an riga an sayar. Dokar da muka kafa don ta kare Alhaji ta koma tana jawo masa asara.

Maganin yana cikin wata tsohuwar kalma ta fatake: zango. Tafiyar Kano zuwa Abuja zango uku ce a wurin Alhaji, Kano zuwa Zariya, Zariya zuwa Kaduna, Kaduna zuwa Abuja. Sai mu ƙara wani ƙaramin jadawali da zai rubuta zangon da kowane tikiti ya cinye. Ɗalibin can layi ɗaya zai ci, zango na 1. Mai zuwa Abuja daga Zariya ya ci layi biyu, zango na 2 da na 3. Wanda ya tashi daga Kano har Abuja ya ci uku. Dokar sai ta koma can, ta zama: tafiya ɗaya, kujera ɗaya, zango ɗaya, ba a maimaitawa. Ku lissafa: kujera 18 sau zango 3, gurabe 54 ke nan Alhaji yake da su na sayarwa a kowace tafiya, ba 18 ba. Da irin wannan lissafi ake sayar da kujerun jiragen ƙasa masu tsayawa a tashoshi da yawa. Amma fa idan motocin mai kamfani ba sa ɗaukar kowa a hanya, kada ka ɗora masa wannan nauyi don kawai ka nuna ka iya. Tambayarsa za ka yi tun farko.

Maganar kuɗi

Mai biya daban, mai tafiya daban. Magidanci ya zo ya kama kujera 5 don matarsa da 'ya'yansa za su je biki Kaduna, shi kuma ko ƙofar mota ba zai taka ba. Idan muka ce kowane tikiti mai shi ne ya biya, mun yi ƙarya a rubuce. Saboda haka muna buƙatar jadawalin Ciniki: wane ne ya saya, yaushe, a wane ofis ko ta waya. Ciniki ɗaya yana iya ɗaukar tikiti ɗaya ko goma. Wanda ya taɓa ganin tikitin jirgin sama zai tuna wata lamba mai haruffa da alƙaluma 6 a jikinsa. Mabuɗin cinikin ke nan, kuma iyali guda da aka yi wa rajista tare sukan samu lamba ɗaya.

Biya kuma jadawalinsa daban, domin ciniki ɗaya ana iya biyan sa kashi biyu, rabi tsabar kuɗi, rabi ta taransifa. Idan aka mayar wa mutum kuɗinsa, shi ma layi ne sabo, ba goge tsohon za a yi ba. Haka tikitin da aka fasa: ba a share shi, alama ake sa masa cewa an fasa, a saki gurabensa na zango domin wani ya saya. Ranar da rigima ta tashi, ko Alhaji ya so sanin ko wani akawu yana soke tikiti yana zuba kuɗin a aljihu, sawun yana nan.

Akwai wuri ɗaya da za ku ga kamar mun karya dokar Codd, alhali ba mu karya ba. Muna da jadawalin Farashi mai cewa Kano zuwa Abuja naira kaza ne. Duk da haka sai mun sake rubuta kuɗin a jikin kowane tikiti. Dalili? Farashi yana motsi. Kun ga yadda kuɗin mota ya tashi cikin 'yan kwanaki bayan sanarwar cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Da tikitin watan Afrilu yana leƙa jadawalin Farashi ne kawai don ya san kuɗinsa, da ranar da aka ƙara farashi duk cinikin baya ya kumbura a takarda, Alhaji ya kama akawunsa da satar kuɗin da ba a taɓa karɓa ba. Farashin yau bayani ne guda, abin da wane ya biya ranar kaza kuma wani bayanin ne daban.

Sannan rubuta ciniki, da kama gurabe, da yanka tikiti, tilas su tafi tare ko su faɗi tare. Idan wuta ta ɗauke bayan an kama kujera amma kafin tikiti ya fita, rumbu mai kyau zai warware komai ya koma yadda yake. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi a asusu kuma saƙon bai isa ba ya san zafin aikin da ya tsaya a rabi. Mai saye ta waya kuwa akan riƙe masa kujera na 'yan mintoci, misali 10, idan bai biya ba a sake ta.

Akwai wasu ƙananan tarkuna da suke kama sababbin shiga. Lambar waya ba adadi ba ce, ba a tara ta ba a ɗebe ta, don haka a adana ta a matsayin rubutu. Ku gwada rubuta lambar da ta fara da sifili a Excel ku ga yadda zai haɗiye sifilin. Kuɗi kuma a adana shi da kwabo, cikakken adadi, wato Naira 12,500 ta zama 1,250,000, domin kwamfuta tana tuntuɓe a lissafin ɗigo: a harshen Python idan ka tara 0.1 da 0.2 amsar da zai ba ka ita ce 0.30000000000000004. Idan harka ta buɗe Alhaji ya fara kai mutane Umara, sai a kula da agogo, domin Jidda tana gaban Kano da awa 2, Akara kuma tana bayanta da awa 1. Ga kuma namu na gida: haruffa masu lanƙwasa. A tabbatar rumbun yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ, kuma wanda ya nemi Dahiru ya samu Ɗahiru, tunda ba kowace waya ce take rubuta su ba.

Wani abu da ba na so ku ɗauke shi da wasa shi ne amana. Takardar sunayen da direba yake tafiya da ita takan ƙunshi lambar wani ɗan uwa da za a kira idan wani abu ya faru a hanya, Allah Ya kiyaye. Wannan yana da amfani, a sa shi a rumbu. Amma ku yi tunanin abin da muka tara wuri ɗaya: wane ne zai bi hanya kaza, a wace mota, da ƙarfe nawa, da lambar iyalinsa. A halin da hanyoyinmu suke ciki, wannan bayani idan ya faɗa hannun mugu ba ƙaramin makami ba ne. Don haka direba ya ga sunayen tafiyarsa kaɗai, akawu ya ga na ofishinsa, kowa da kalmar sirrinsa. Abin da ba a buƙata kuma kada ma a tambaya. Tun 2023 Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai, wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su. A riƙa kuma ajiye kwafin rumbun kullum a wani wuri daban, domin kwamfuta tana ƙonewa, ana kuma sace ta.

Kafin ka kai wa Alhaji zanenka, ka jarraba shi a takarda da tambayoyin da zai yi maka. Kujera nawa ta rage daga Zariya zuwa Kaduna a motar gobe? Wace mota ce ta fi kawo kuɗi a watan jiya? Wane direba ne lasisinsa zai ƙare kafin Sallah? Ka ɗora yatsa a kan akwati ɗaya, ka bi zaren zuwa na gaba har ka kai ga amsa. Idan yatsanka ya maƙale, akwai zaren da ya ɓace. Idan kuma hanya biyu suka kai ka ga amsa biyu mabambanta, akwai abin da ka rubuta sau biyu. Bayan wannan ne ake zuwa kan kwamfuta, a gina jadawalan, a yi musu tambaya da harshen SQL, wanda shi ma a IBM aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970. Wanda makarantarsu take da Microsoft Access zai iya gwadawa a can. Akwai kuma SQLite, kyauta ne, kuma ko ba ku sani ba yana cikin wayoyin Android da iPhone yana riƙe bayanan manhajoji da dama.

Ga aikin gida. Alhaji ya duba zanenmu ya gyaɗa kai, sai ya tuna abu biyu. Na farko, uwa takan hau da jariri a cinya, ba ya cin kujera, ba ya biyan kuɗi, amma dole sunansa ya shiga takardar direba. Na biyu, motocinsa suna ɗaukar saƙon kaya, buhu ko kwali, wanda ba mai shi a cikin motar: akwai mai aikawa a Kano, akwai mai karɓa a Abuja, kuma wani lokaci sai kaya sun isa ake biya. Ku zana akwatunan duka, ku nuna inda jariri zai shiga ba tare da ya karya dokar kujera ba, da jadawalin da za ku ƙara saboda kaya da zaren da za ku ja masa. Ku aiko ta adireshin wannan shafi tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu duba wasu daga ciki tare a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.